Ƙofar zango na biyar: yadda aka taka wa masu hawan Dutsen Fuji da dare birki

Ranar 1 ga Yulin 2024, waɗanda suka je hawan Dutsen Fuji na ƙasar Japan ta hanyar Yoshida sun tarar da abin da ba su saba gani ba. An gitta ƙofar katako a bakin hanya, daidai zango na biyar, kusa da inda motoci ke sauke mutane. Ma'aikata na tsaye a gefenta suna duba hannun kowa. Wanda ya biya yen 2,000, kuɗin Japan, an ɗaura masa wani ɗan warwaro mai launi a wuyan hannu, da shi zai wuce. Ƙarfe huɗu na yamma na yi sai a ja ƙofar a rufe, ba za a sake buɗewa ba sai ƙarfe uku na dare, in ban da ga wanda ya riga ya kama wurin kwana a ɗaya daga cikin masaukan da ke jikin dutsen. Haka nan idan mutum 4,000 suka wuce a rana guda, an rufe ke nan, ko da rana na tsaka.

Labarin ya zaga duniya da cewa Japan ta sanya wa dutsenta kuɗin shiga. Ni a ganina kuɗin nan shi ne ƙaramin abu a cikin dokar, haka ma ƙayyade yawan mutanen. Abin da ya yi aiki shi ne agogo. Kafin a gane haka kuwa sai an san yadda dutsen yake, da irin daren da ake kwana a kansa.

Fuji dutse ne mai aman wuta, tsayinsa mita 3,776, babu wanda ya kai shi a Japan. Rabonsa da yin aman tun 1707, amma masana ba su ɗauke shi a matsayin wanda ya mutu ba. Yana cikin gandun ƙasa na Fuji-Hakone-Izu, wanda aka kafa tushensa a 1936, kuma larduna biyu ne ke raba shi: Yamanashi ta arewa, Shizuoka ta kudu. Hanyoyi huɗu ake bi zuwa ƙololuwa. Yoshida tana ɓangaren Yamanashi, sauran ukun, wato Subashiri da Gotemba da Fujinomiya, suna ɓangaren Shizuoka. Kowace hanya an kasa ta zango goma, na goma shi ne saman. Lokacin hawa gajere ne ƙwarai. Ana buɗe Yoshida ranar 1 ga Yuli, a rufe 10 ga Satumba, kimanin kwana saba'in ke nan a shekara.

A da, mai hawan Fuji daga ƙasa yake farawa. A zamanin Edo, wato daga ƙarni na 17 zuwa na 19, ƙungiyoyin masu ziyarar bauta da ake kira Fuji-ko sukan taso a ƙafa, sanye da fararen kaya, su kwana a gidajen masu yi musu jagora a garin da yanzu ake kira Fujiyoshida, su ratsa kurmi, su yi ta hawa a hankali. Mata ma an hana su isa sama har zuwa 1872. Abin da ya sauya al'amarin kwalta ce. A 1964 aka buɗe titin mota da ya kai har zango na biyar, a tsayin kusan mita 2,300. Daga Tokiyo zuwa dutsen bai wuce kilomita 100 da 'yan kai ba, motar bas na kai mutum cikin sa'o'i biyu da rabi. Mutumin da ya ci abincin rana a gari mai zafi, kusan daidai da gaɓar teku, kafin magariba ya tsinci kansa a fiye da rabin tsayin dutsen, ba tare da ƙafarsa ta taka ko jikinsa ya saba ba. Saboda wannan sauƙin, da yawan masaukai, wajen kashi 60 cikin ɗari na masu hawa Yoshida suke bi.

Sai kuma abin da kowa ya je nema. Mutanen Japan suna da suna na musamman ga hudowar rana idan aka gan ta daga saman dutse, suna ce mata goraiko. A watannin hawa rana na fitowa tsakanin ƙarfe huɗu da rabi zuwa biyar da 'yan mintuna. Daga zango na biyar zuwa sama tafiyar sa'o'i biyar zuwa bakwai ce. Tsarin da aka saba ba da shawara a kai shi ne mutum ya fara da rana, ya isa zango na bakwai ko na takwas da yamma, ya ci abinci, ya kwanta na 'yan sa'o'i, sannan ya tashi cikin dare ya ƙarasa. To amma wurin kwana a masauki yakan kai yen 10,000 ko fiye, wuraren ba su da yawa, kuma na ƙarshen mako tun da wuri ake cinye su. Wanda bai samu ba, ko ba shi da kuɗin, sai ya yi wani lissafin: ya hau motar yamma, ya fara tafiya wajen ƙarfe tara ko goma na dare, ya yi ta hawa ba tsayawa ba barci har asuba. Wannan shi suke kira dangan tozan, wato hawan harsashi.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da wannan ke yi wa jikin mutum, don nan ne tushen maganar. Kowane mita 1,000 da aka hau, zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6 a ma'aunin Selshiyos. Ranar da Tokiyo ke fama da digiri 30, saman Fuji kafin asuba yana iya kasancewa kusa da sifili, ga iska da babu bishiyar da za ta tare ta, domin daga zango na shida zuwa sama tsakuwa ce da duwatsu da baƙar toka kawai. Nauyin iska a ƙololuwa kusan kashi biyu cikin uku ne na wanda ke gaɓar teku, don haka kowane numfashi yana shigar da ƙarancin oksijin. Ciwon tsauni yakan fara kama mutane daga wajen mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala. Maganinsa shi ne a hau a hankali, a huta, in ya ƙi a sauko. Mai hawan harsashi ya saɓa wa dukkan ukun. Bai huta ba, bai ba jikinsa lokaci ba, kuma saukowa cikin duhu ba abu ne da zai yarda da shi ba tunda ya zo ne don asuba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Mai ƙarfi a cikinsu yakan yi sauri fiye da yadda ya zata. Ya isa zango na takwas da ƙarfe ɗaya na dare, rigarsa ta jiƙe da gumi, ya duba agogo ya ga saura sa'o'i uku da rabi. Ba shi da wurin kwana, masauki a cike yake. Sai ya zauna a gefen hanya, ya jingina da bangon dutse, ya lulluɓa da mayafin leda mai ƙyalli in yana da shi. Gumin nan ya huce a jikinsa, haƙora su fara haɗuwa. Hukumomin lardin Yamanashi da masu masaukai sun yi ta kokawa da irin waɗannan: masu kwana a kan hanya har su tare ta, masu ɓuya a bayan gida don neman ɗumi, har da masu hura wuta a cikin gandun da aka hana hakan. Wasu sun zo da gajeren wando da takalmin yawo a gari. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, kuma a nan nawar ce ke jefa mutum cikin haɗari.

Daga nan sai a zo maƙogwaron hanyar. A wajen mita 3,400 hanyar Subashiri tana haɗewa da ta Yoshida su zama ɗaya. Daidai lokacin da masu hawan harsashi ke isowa, masaukai kuma suna tashin baƙinsu, kowa ya fito da fitilar goshi. Daga zango na tara zuwa sama hanyar siririya ce, mai kwana-kwana a tsakanin duwatsu. Wanda ya ɗaga kai zai ga layin fitilu ya miƙe har sama kamar an zare tsakiya, ba ya motsi. A yi taku uku a tsaya. Tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba da rana sai ta ninka. Mai gaggawa ya fita daga igiyar da aka shata don ya wuce na gabansa, ƙafarsa ta ture dutse, dutsen ya gangara kan waɗanda ke ƙasa, su kuwa ba sa ganinsa sai ya iso. Faɗowar duwatsu a wannan gefen ba zance ba ne. A watan Agustan 1980 duwatsu sun gangaro sun kashe mutum 12 a hanyar sauka ta ɓangaren Yoshida, abin da ya sa aka rufe wannan hanyar aka yi wata. A Agustan 2019 ma dutse ya faɗo wa wata mata kusa da ƙololuwa da sassafe, ta rasu.

Ba a 2024 aka fara sanin matsalar ba. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya Fuji cikin wuraren tarihi na duniya. Abin lura, a jerin wuraren al'adu aka sanya shi, a matsayin wuri mai tsarki da ya zaburar da masu zane da marubuta, ba a jerin wuraren halitta ba. Karɓar ta zo da sharaɗi: Japan ta kawo tsarin kula da yawan baƙi. A shekarun da ke kusa da wannan lokaci masu hawa sukan kai 300,000 a kaka ɗaya. Wani ɓangaren gyaran an riga an yi shi, musamman na bayan gida. A da masaukai kan tara ƙazanta su sake ta a jikin dutsen, takardar goge jiki ta bushe ta bar fararen layuka da ake gani daga nesa. Zuwa tsakiyar shekarun 2000 an maye su da bayan gida da ke sarrafa ƙazantar a wurin. Wannan aikin injiniya ne, da kuɗi ya samu aka gama shi. Ɗabi'ar mutane ce ta gagara. Daga 2014 aka fara roƙon kowane mai hawa ya ba da gudummawar yen 1,000 don radin kansa, ana kuma ta wa'azi a allon sanarwa da intanet cewa a daina hawan harsashi. Wasu sun biya, da yawa sun wuce abinsu. Shekara goma ana lallashi.

Annobar korona ta sa aka rufe hanyoyin huɗu gaba ɗaya a 2020. Da aka janye takunkumin tafiye-tafiye, 2023 ta zo da cikar shekara goma da shiga jerin UNESCO, ga darajar yen ta faɗi, baƙi daga ƙasashen waje suka yi ta kwarara. Ma'aikatar muhalli ta Japan, wadda ke ƙirga masu wucewa da na'ura a zango na takwas, ta samu kimanin mutum 221,000 a wannan kakar, wajen 137,000 daga ciki ta Yoshida. Adadin bai kai na shekarun baya ba, kuma wannan ma hujja ce cewa ba yawan kai kaɗai ne ciwon ba. Masaukai sun rage yawan waɗanda suke kwanarwa tun lokacin annobar, ba su koma cusa mutane kafaɗa da kafaɗa kamar da ba. Wuraren kwana suka ragu, masu son asuba ba su ragu ba. Tun kafin a buɗe kakar, masu masaukai da hukumomin garin Fujiyoshida suka kai kuka ga lardin cewa a yi wani abu.

Gwamnan Yamanashi, Kotaro Nagasaki, ya kai ƙudurin gaban majalisar lardin, aka zartar da shi a watan Maris 2024. An ware gurbi 3,000 a kowace rana da za a iya kamawa ta intanet, aka bar aƙalla 1,000 ga waɗanda suka zo a ranar. An ce kuɗin za a kashe shi a kan ma'aikatan tsaro da masu jagora a hanya, da gina mafaka daga faɗowar duwatsu da aman wuta. Maganar mafakar ba ta wasa ba ce a Japan tun 27 ga Satumban 2014, ranar da Dutsen Ontake ya yi aman ba zato da tsakar rana, mutum 58 suka mutu, biyar ba a gan su ba.

Sakamakon kakar farko ya fito da abin da nake nufi. Masu bin Yoshida sun sauko zuwa kimanin 115,000, jimillar dutsen kuma wajen 204,000. Iyakar mutum 4,000 ba a kai ta ba, wato wannan ɓangaren dokar bai taɓa kowa ba. Yen 2,000 kuwa bai kai kuɗin motar bas daga Tokiyo ba, mutumin da ya ƙetaro teku ba zai fasa saboda shi ba. Abin da ya ragu matuƙa shi ne masu wucewa cikin dare. Ƙofar da ke rufe sa'o'i goma sha ɗaya ta yi a kaka ɗaya abin da allunan gargaɗi suka kasa a shekara goma, domin ba ta roƙi kowa ya canza hali ba, ta cire masa zaɓin ne kawai.

Sai dai ruwa in an tare shi ta nan, ta can yake ɓullowa. Abu na farko, wasu suka koyi wucewa ƙofar ana saura 'yan mintuna a rufe, su yi ta jan ƙafa a hanya, su zauna nan su zauna can, har dare ya raba. Hawan harsashi ne dai, an ƙara masa sa'o'in zama cikin sanyi. Na biyu, Shizuoka ba ta kafa irin wannan dokar a 2024 ba, ta tsaya ga neman mutane su yi rajista. Masu bin hanyoyinta uku sun ɗan ƙaru yayin da na Yoshida ke raguwa. Kuma kada a manta, ɗaya daga cikin ukun ita ce Subashiri, wadda ke zubo mutanenta a daidai maƙogwaron da ake son sassautawa. Dutse ɗaya ne, hukuma biyu, kuma sama da zango na takwas ma yawancin filin ba na kowace daga cikinsu ba ne: mallakar wurin bauta ne na Fujisan Hongu Sengen Taisha, kamar yadda kotun ƙolin Japan ta yanke a 1974.

A 2025 aka ɗinke ɓarakar. Kuɗin ya koma yen 4,000 a dukkan hanyoyin huɗu, aka haɗe tsohuwar gudummawar a ciki. Lokacin rufewa ya dawo ƙarfe biyu na rana, don a katse masu rububin ƙarshe. Shizuoka ta ɗauki wannan lokacin ita ma, ta kuma wajabta wa masu hawa su yi ɗan karatun ƙa'idojin dutsen kafin a bar su, ko da yake ba ta ƙayyade yawan mutane ba. A Yoshida an ba ma'aikata ikon mayar da wanda ya zo ba tare da takalmin kirki ko rigar ruwa ko kayan sanyi ba.

Ina goyon bayan ƙofar, amma akwai abin da ke damuna a cikinta, kuma ba zan ɓoye ba. Wane ne mai hawan harsashi? Wasu gangancin ƙuruciya ne, gaskiya. Amma da yawa ɗalibai ne da ma'aikata masu hutun kwana ɗaya da baƙin da aljihunsu bai kai kuɗin masauki ba. Yanzu ganin hudowar rana daga ƙololuwa ya zama na wanda zai iya biyan yen 4,000 da kuɗin kwana a kai, kuma ya yi sa'ar kama wuri tun watanni kafin lokacin. Dokar ta kare rayuka, ta kuma mayar da mabuɗin asuba hannun masu masaukai, waɗanda 'yan kasuwa ne. Idan hukuma ta ce ba a wuce sai da shaidar wurin kwana, to ya zama wajibinta ta sa ido a kan yadda ake sayar da wuraren da farashinsu. Ninka kuɗin shiga cikin shekara guda shi ma yana buƙatar bayani dalla-dalla: mafaka nawa aka gina, ma'aikata nawa aka ɗauka. Mutane sukan biya kuɗin gandu da daɗin rai idan suna ganin inda ya shiga.

Sannan ƙofar tana aiki ne kwana saba'in kawai. Sauran shekara hanyoyin a rufe suke a hukumance, masaukai a kulle, ƙanƙara ta rufe saman, amma mai taurin kai yana iya ratsawa. A watan Afrilun 2025 an ceto wani ɗalibi daga jikin dutsen sau biyu cikin mako guda. Karo na biyu ya koma ne neman kayan da ya bari, har da wayarsa. Wannan ya tayar da muhawara a lardunan biyu kan ko a riƙa cajin kuɗin jirgin ceto ga wanda ya hau bayan an rufe. Masu cewa a caja suna duban ma'aikatan da ke kasada da rayukansu. Masu adawa suna tsoron wanda ke cikin halin mutuwa ya ƙi kiran taimako saboda kuɗi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, ni dai na fi karkata ga a tsananta hana shiga tun daga ƙasa.

Abin da har yanzu ba a taɓa sosai ba shi ne son da kowa ke yi wa sa'a guda ɗaya a wuri guda ɗaya. Cunkoson zango na tara ya ragu, bai gushe ba, don masu kwana a masauki ma duk lokaci ɗaya suke tashi. Alhali hanyar Yoshida ta gefen arewa maso gabas take, da zarar an fita daga cikin bishiyoyi ana ganin fitowar rana daga kusan ko'ina a kanta, har daga ƙofar masaukan. Dokar ma ta bar wata kafa a buɗe da ba a cika tallata ta ba. Wanda ya kwana a gindin dutsen ya wuce ƙofar da ƙarfe uku na dare, alfijir zai same shi wajen zango na shida ko na bakwai, gajimare shimfiɗe a ƙarƙashinsa, tafkin Yamanaka na ɗaukar haske. Zai ci gaba da hawa yana ganin inda yake sa ƙafa, rana na ɗumama bayansa. Wajen ƙarfe tara ko goma na safe zai isa sama, lokacin da taron asuba ya riga ya gangara ta hanyar sauka. In yana da sauran ƙarfi ya zaga bakin ramin aman, mai zurfin fiye da mita 200, tafiyar kimanin sa'a ɗaya da rabi, ya taka Kengamine inda ainihin mita 3,776 ɗin yake, ya sauko kafin la'asar sakaliya.